Mai Shari'a Uwais: da me za a tuna shi?

TsohonBarewa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Gudummawarku nake nema. A makarantar da nake koyarwa mukan ware rana guda kowane zango, malami ya ɗauko rayuwar wani mutum ya yi wa 'yan ajin ƙarshe bayani. Wannan karon layi ya zo kaina, kuma da yake kowa ya san Kwalejin Barewa ta Zariya na yi, sai aka ce in kawo ɗaya daga cikin namu. Duk wanda na shawarta a ɗakin malamai lissafi ɗaya yake jero mini: Tafawa Ɓalewa, Sardauna, Gowon, Murtala, Shagari, 'Yar'aduwa. Ko mutum ɗaya bai ambaci alƙali ba. Ni kuwa hankalina ya tsaya a kan marigayi Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais, wanda Allah ya yi wa rasuwa ranar 6 ga Yuni 2025, ranar Babbar Sallah.

Ga dalilina. Murtala bai cika wata bakwai a kan mulki ba. Shagari shekara huɗu da wata uku. Uwais ya shiga Kotun Ƙoli a 1979, bai bar ta ba sai 2006. Shekara 27 ke nan, goma da 'yan watanni daga ciki yana Alƙalin Alƙalan Najeriya. A ganina ya fi da yawa daga cikin waɗancan taɓa yadda ake mulkin ƙasar nan, sai dai shi aikinsa ba a yi masa jiniya. Amma ba na so in tsaya gaban yara in koma maroƙi. Da me ya kamata a tuna shi, kuma ina aka samu cikas?

Bazazzagi:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna makoma. Malam ka yi zaɓi. Ɗan Zariya ne, an haife shi 12 ga Yuni 1936, saura kwana shida ya cika 89 ya rasu. Mu dai a gida ba a kiran sunansa sai an haɗa da addu'a.

NaMalumfashi:
Zaɓin bai yi laifi ba, amma in dai alƙalan Barewa za a lissafa, kada Zazzagawa su yi mana babakere. Kafin Uwais akwai Mai Shari'a Muhammadu Bello, Bakatsine, ɗan Arewa na farko da ya zama Alƙalin Alƙalai, daga 1987 zuwa 1995. A hannunsa Uwais ya karɓa. Akwai kuma Galadiman Katsina Mamman Nasir, wanda ya riƙe ministan shari'a na Jihar Arewa a gwamnatin Sardauna, ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara daga 1978 zuwa 1992, sannan ya dawo mana Malumfashi ya yi hakimci har rasuwarsa a 2019. Su biyun sun yi makarantar tun tana Kaduna. Ka ga akwai lokacin da kujerun shari'a biyu mafiya girma a ƙasar nan duk tsofaffin ɗaliban makaranta ɗaya ne a kai, kuma duk Katsinawa.

Bazazzagi:
To mun ji. Katsinawa ko a zaman makoki sai sun tuna mana cewa a garinsu aka kafa kwalejin.

Dattijon_Ƙofar_Doka:
Ai gaskiyarsu ce, ɗana. A Katsina aka fara ta farkon shekarun 1920, ta koma Kaduna a 1938, ta sauka Zariya a 1949. Sunan Barewa ma sai 1971 aka sa mata. Saboda haka Malam TsohonBarewa, in za ka yi wa yara bayani, ka ce musu lokacin da Uwais ya yi ta a shekarun 1950 ba Barewa ake kiranta ba tukuna. Zamaninsu ɗaya da Murtala a can.

Abin da yaran yanzu ba za su gane ba sai an warware musu shi ne yadda ake shigarta. Daga kowane lardi, 'yan ƙalilan ake tsamowa daga makarantar Midil. Ɗan Borno, ɗan Ilori, ɗan Filato, ɗan Sakkwato, ɗaki ɗaya, kwano ɗaya. Yaron da ya tashi haka, in ya girma aka kawo masa rigimar mutanen wani yanki, ba labarinsu yake ji ba, ya san su tun suna gajeren wando.

'YarKongo:
Baba Dattijo, a gafarce ni, amma kullum in ana wannan zance sai a ba Barewa lada duka a manta da Kongo. Barewa ba ta koyar da lauyanci. Cibiyar Koyon Aikin Mulki da ke Kongo ita ce ta fara shirya 'yan Arewa a fannin doka kafin a tura su Landan su ƙarasa, kuma ta nan Uwais ya bi. Daga nan ya tafi Ingila, ya zama lauya a Middle Temple, ɗaya daga cikin cibiyoyin lauyoyi na Landan, a 1963, ya dawo ya shiga Makarantar Horar da Lauyoyi ta Legas, wadda lokacin sabuwa ce fil. Waɗanda suka gabace shi, Bello da Nasir, sai da suka je Ibadan suka koyi Latin tukuna kafin Landan ta karɓe su. Ku duba wahalar da ake sha a samu lauya guda a Arewa a wancan zamani.

Dattijon_Ƙofar_Doka:
Kin yi daidai 'yata. Kuma dalilin gaggawar shi ne kundin dokokin laifuka na Arewa, Fenal Kod, wanda ya fara aiki a 1960. An sauya doka, ga kotunan alƙalai cike da malaman da suka ƙware a Risala da Tuhfa da Mukhtasar, amma masu ilmin dokar Bature a cikin 'yan ƙasa ba su taka kara sun karya ba. Kakana alƙali ne a wata gunduma, na tashi na tarar ana ba da labarin yadda aka riƙa kiransu kwas suna zama a benci kamar 'yan makaranta, da rawunansu.

Lauyan_Sabon_Gari:
Bari in cike wa Malam tsanin aikin, don yara su ga ba daga sama ya faɗo ba. Ya fara da lauyan gwamnati a Ma'aikatar Shari'a ta Jihar Arewa. Bayan an raba jihohi ya kai babban lauyan gwamnati kuma babban sakatare a Jihar Tsakiyar Arewa, wato Kaduna da Katsina na yanzu. Ya zama alƙalin babbar kotu a 1973, Kotun Ɗaukaka Ƙara a 1977, Kotun Ƙoli a 1979 yana da shekara 43. Yau mutum yakan kai sittin kafin ya leƙa can, ya yi 'yan shekaru ya yi ritaya. Shi ya sa da wuya a sake samun mai irin daɗewarsa. A kujerar Alƙalin Alƙalai ma, cikin 'yan ƙasa Adetokunbo Ademola kaɗai ya fi shi jimawa.

Ɗan_Talakawa:
Na ga an fara kiɗan taushi. Malam ya ce ba ya son ya zama maroƙi, to bari in taimake shi. Mutumin nan shigarsa Kotun Ƙoli ke da wuya aka sa shi cikin alƙalai bakwai da suka yi shari'ar Awolowo da Shagari. Wannan shari'ar sha biyu da biyu bisa uku. Kuma yana cikin waɗanda suka ba Shagari gaskiya. Tsohon ɗalibin Barewa ya tabbatar da tsohon ɗalibin Barewa, ga Muhammadu Bello shi ma a zaune a bencin. A faɗa wa yara wannan ma.

Hajiya_Malama:
Don Allah wani ya fayyace mini wannan sha biyu da biyu bisa ukun. Tun ina ƙarama nake jin iyayenmu suna faɗa, har yau ban san kansa ba.

Lauyan_Sabon_Gari:
Hajiya, lissafi ne ya zama siyasa. Dokar zaɓen 1979 ta ce ba ya isa ɗan takara ya fi kowa ƙuri'a, sai ya samu aƙalla kashi ɗaya bisa huɗu a biyu bisa ukun jihohi. Jihohi 19 ne lokacin. Shagari ya samu a 12 cif. A ta sha uku, Kano, inda Malam Aminu Kano ya yi rinjaye, kashi 19.94 ya samu. Awolowo ya ce ba a yanka jiha kamar tsire, biyu bisa ukun 19 dole ya zama 13. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce a'a, 12 ne da biyu bisa ukun jiha guda, don haka a Kano abin da ake bukata shi ne rubu'in biyu bisa ukun ƙuri'un, wato kashi 16 da ɗoriya, kuma Shagari ya haura haka. Ranar 26 ga Satumba kotu ta yanke, saura kwana biyar soja su miƙa mulki. Mai Shari'a Kayode Eso ne ya saɓa, ya ce 13.

Amma Ɗan_Talakawa, zancen Barewa ɗin nan ka matsa masa. Wanda ya jagoranci zaman kuma ya karanta babban hukuncin Fatayi-Williams ne, Bayarabe ɗan Legas. Irikefe da Idigbe su ma suna ɓangaren rinjaye. Wace Barewa suka yi?

Ɗan_Talakawa:
Na janye na Barewa. Ban janye cewa hukuncin na ceton ranar 1 ga Oktoba ba ne, ba na lissafi ba.

Baushe:
Ni abin da ke ba ni dariya, shekara 44 bayan nan muka sake komawa kotu a kan ko dole ɗan takarar shugaban ƙasa ya samu kashi 25 a Abuja. Jihohi sun zama 36, lissafi ya raba daidai, sai muka nemo wata kalmar muka maƙale a kanta. Mu dai ba mu gajiya.

Na_Maraɗi:
Ina biye da ku daga nan ƙetaren iyaka. Tambayata ɗaya ce. A wurinmu in ana maganar alƙalin da ya yi tsayin daka, Salifou Fatimata Bazeye ake kawowa. Tana shugabar kotun tsarin mulki a 2009 kotun ta ce wa Tandja tazarcensa ya saɓa doka, har ya rushe kotun. Shi naku, akwai ranar da ya kalli mai mulki ya ce masa a'a? Don na ga a zamanin Abacha aka naɗa shi.

Ɗan_Talakawa:
Yauwa ɗan'uwa. Disamba 1995. Ko wata biyu ba a yi ba da rataye Ken Saro-Wiwa da mutanensa takwas.

Magatakarda_Mai_Ritaya:
A nan zan sa baki, don shekara talatin da biyu na yi ina ɗaukar fayil a kotu, rabinsu ƙarƙashin soja. Na farko, naɗin bin girma ne. Bello ya kai shekarun ritaya, Uwais ne na biye da shi. Na biyu, waɗanda ba su ga mulkin soja daga cikin kotu ba ba su san yadda ake ɗaure alƙali ba. Ba sai an tsoratar da shi ba. Dokar soja ake fitarwa, a ƙarshenta a rubuta cewa babu kotun da ke da hurumin sauraron ƙara a kan abin da aka yi da wannan doka. Shi ke nan. Lauya ya zo da kuka, lauyan gwamnati ya miƙe ya karanta sakin layi ɗaya, alƙali ya rufe fayil. Shari'ar su Saro-Wiwa ma ba ta bi ta kotunan da muka sani ba, kotun musamman aka kafa, babu ɗaukaka ƙara.

Za ka iya cewa to me ya hana su ajiye aiki. Tambaya ce mai kyau, ni ma na sha yi wa kaina ita ina kan keke zuwa ofis. Amsar da na samu ita ce, da sun tafi, kujerar ba za ta zauna babu kowa ba. Ban ce amsar ta gamsar da ni ba.

Na_Maraɗi:
Na gode Baba. To bayan soja sun tafi fa?

Lauyan_Sabon_Gari:
Nan ne gonar take. Daga 1999 zuwa 2006 kundin tsarin mulki sabo ne, ba a gwada shi ba, kuma shugaban ƙasa tsohon janar ne da ya saba a ce masa to. Kusan duk wata babbar tambaya a kan iyakar ikon tarayya da jiha a teburin kotun Uwais ta sauka.

Ɗauki rigimar Legas. Gwamnatin Tinubu ta ƙirƙiro ƙananan hukumomi 37 a kan 20 da take da su, Obasanjo ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomin jihar. A Disamba 2004 kotu ta ce shugaban ƙasa ba shi da ikon riƙe kuɗin nan, sannan ta juya ta ce wa Legas sababbin ƙananan hukumominta ba su cika ba sai Majalisar Tarayya ta yi nata aikin. Kowa ya sha mari ɗaya. Cewa kuɗin ba su gama fita ba sai da 'Yar'aduwa ya hau a 2007, wannan ba laifin alƙali ba ne, ba shi da 'yan sanda.

Ko shari'ar arzikin mai ta 2002, inda kotu ta ce iyakar jihohin gaɓar teku a bakin ruwa ta tsaya, man da ke cikin teku ba ya shiga lissafin kashi 13 na kuɗin mai da ake ware musu. Jihohin Neja Delta suka yi ta tsine mata. Da aka yi dokar siyasa a 2004 aka sassauta musu, gwamnonin Arewa suka garzaya kotun don a soke dokar, su ma aka sallame su hannu rabbana. In da ɗan yanki ne, ai nan ne wurin nunawa.

Ɗan_Fombina:
Ku ƙara da tamu ta Adamawa. An zaɓi Atiku gwamna a farkon 1999, kafin rantsuwa Obasanjo ya ɗauke shi mataimaki. Hukumar zaɓe ta so a sake zaɓe, Kotun Ƙoli ta ce Boni Haruna, wanda suka tsaya tare, shi zai hau. Ranar a Yola wasu murna, wasu kamar an yi musu mutuwa. Shekara takwas ya yi a kujerar.

'YarKongo:
Kuma Yaya Ɗan_Talakawa, tunda daga sunanka na san gidan da ka fito: wa ya buɗe wa PRP ƙofa ta dawo takara? A 1999 jam'iyyu uku ne kawai. Hukumar zaɓe ta gindaya sharuɗɗan da sai mai buhun kuɗi zai cika. Balarabe Musa da Gani Fawehinmi da wasu suka kai ƙara, a ƙarshen 2002 Kotun Ƙoli ta soke yawancin sharuɗɗan, ta ce hukuma ba za ta ƙara a kan abin da tsarin mulki ya shimfiɗa ba. Zaɓen 2003 da jam'iyyu talatin aka shige shi. Mun karanta wannan shari'ar a aji biyu, malaminmu har tsayawa yake yi yana buga tebur.

Ɗan_Talakawa:
Ƙanwata, wannan na yarda, kuma na gode da tunin. Amma buɗe ƙofar shiga zaɓe daban, kare ƙuri'ar da aka jefa daban. Ni wakilin jam'iyya ne a rumfa a 2003. Abin da idona ya gani a wurin tattara sakamako na ƙaramar hukumarmu ba zan manta ba: lambar da muka sa wa hannu da yamma ba ita aka karanta da asuba ba. Buhari ya kai ƙara, aka yi ta jan zare har 1 ga Yuli 2005. Obasanjo ya riga ya cinye fiye da rabin wa'adin. Sannan kotun Uwais ta ce zaɓe ya yi. A Kotun Ɗaukaka Ƙara aƙalla an samu Mai Shari'a Nsofor da ya ce a soke. Wannan ciwon ne ya sa in aka ce mini gwarzo sai in yi shiru.

Hajiya_Malama:
Ni ba ta siyasa nake ba. Gonar mahaifinmu muka yi shekara goma sha ɗaya muna shari'a a kanta. Yau alƙali ya tafi taro, gobe lauyan wancan ɓangare ba shi da lafiya, jibi an yi wa alƙali canjin wurin aiki a koma farko. Mahaifiyarmu ta rasu ba ta ga ƙarshenta ba. Duk cikin shekarun da ake cewa shi ne shugaban alƙalan ƙasa. To ni da me zan tuna shi?

Magatakarda_Mai_Ritaya:
Allah ya jiƙan Mama, Hajiya. Ba zan kare abin da aka yi muku ba, na ga irinsa ya fi a ƙirga. Alƙali da hannunsa yake rubuta duk kalmar da shaida ya faɗa, shi ya sa shaida ɗaya kan ci wuni. In aka canja shi kafin hukunci, sabon bai ga fuskar shaidu ba, dole a sake. Kotunan jiha kuma a lokacin kuɗinsu a hannun gwamna yake, takardar rubutu ma sai mun roƙa. Alƙalin Alƙalai yana shugabantar majalisar NJC mai ladabtar da alƙalai, kuma a zamaninsa an sallami wasu saboda shari'o'in zaɓe. Amma jinkiri irin naku bai warke a hannunsa ba, bai warke a hannun waɗanda suka biyo shi ba.

Lauyan_Sabon_Gari:
Zan koma kan maganar Ɗan_Talakawa, don a ganina nan ne amsar tambayar Malam take. Me ya sa Buhari ya faɗi a 2005? Doka ta ɗora wa mai ƙara nauyin kawo hujja. An ɗauka sakamakon da hukumar zaɓe ta bayyana daidai ne har sai ka rushe shi. Kuma bai isa ka nuna an yi maguɗi ba, sai ka nuna maguɗin ya kai ya sauya wanda ya ci. Rumfunan zaɓe sun haura dubu ɗari, takardun da za ka kafa hujja da su kuma suna hannun hukumar da kake ƙara. Wane mahaluki zai iya?

Yanzu duba abin da ya biyo baya. Ya yi ritaya 12 ga Yuni 2006, ranar da ya cika 70. 'Yar'aduwa ya hau a 2007, ya amsa da bakinsa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu, ya kafa kwamitin mutum 22 a Agusta, ya ba Uwais shugabanci. A ciki akwai Attahiru Jega, Bolaji Akinyemi, Matthew Kukah, Sheikh Ahmed Lemu, Olisa Agbakoba. Disamba 2008 suka miƙa rahoto. Me ke ciki? A juya nauyin hujja ya koma kan hukumar zaɓe, ita za ta nuna ta yi aiki daidai. A gama shari'ar zaɓe kafin a rantsar da kowa. A cire naɗin shugaban hukumar daga hannun shugaban ƙasa, NJC ta tallata kujerar ta tace masu nema. A kafa hukumar hukunta masu laifin zaɓe. A bar mutum ya tsaya takara ba jam'iyya.

Ka jera waɗannan kusa da ƙorafinka, ɗaya bayan ɗaya. Jinkiri, nauyin hujja, hukumar da ke jin maganar wanda ya naɗa ta. Ni ina karanta rahoton nan ne a matsayin shaidar mutumin da ya zauna a kan shari'ar zaɓen shugaban ƙasa tun 1979, ya san daidai inda igiyar ta ɗaure masa hannu, da ya sauka ya nuna wurin da yatsa.

Ɗan_Talakawa:
Lauya, ka iya magana, ba a banza ake biyanku ba. Amma ni a kunnena wannan ihu ne bayan hari. Lokacin da alƙalami ke hannunsa ya bi doka, da alƙalami ya bar hannunsa ya ce dokar ba ta da kyau. Eso ma ai dokar ce a gabansa.

Baushe:
To so kake ya yi hukunci da dokar da babu ita? In alƙali ya fara yanke abin da ransa ke so saboda yau ya dace da kai, gobe wani zai yanke abin da ransa ke so a kanka.

Ɗan_Talakawa:
Ana yi ai, Baushe. Ba a fasa ba.

'YarKongo:
A yi adalci, rahoton bai tafi a banza duka ba. Gyaran tsarin mulki na 2010 ya sa wa shari'ar zaɓe wa'adi, kwana 180 a kotun farko, 60 a ɗaukaka ƙara, kuma aka sa kuɗin hukumar zaɓe ya riƙa fita kai tsaye. Jega, ɗan kwamitin, shi ya zama shugaban hukumar a shekarar. Abin da gwamnatin 'Yar'aduwa ta ƙi tun farko shi ne sakin ikon naɗi, kuma babu shugaban da ya sake shi har yau. Duk ɗan adawa yana son rahoton Uwais har ranar da aka rantsar da shi.

Dattijon_Ƙofar_Doka:
Wa'adin kwana 180 ɗin ma wuƙa ce mai baki biyu, 'yata. Da ana jan shari'a har wa'adin mulki ya ƙare, yanzu ana jan ta har kwanakin su ƙare a ce lokaci ya wuce. Wani ɗan ƙanena ya yi takarar majalisar jiha, shaidunsa goma sha ba a ji ko rabinsu ba.

Bazazzagi:
Ni fa har yanzu ban ga wanda ya ce ya ci kuɗin wani ba a duk muhawarar nan. A Najeriya, shekara 27 a wannan kujera. A rubuta wannan ma a allo.

Hajiya_Malama:
Malam TsohonBarewa, in akwai 'yan mata a ajin naka, ka ƙara musu da cewa shekara shida bayan saukarsa mace ta hau kujerar, Aloma Mariam Mukhtar, a 2012. Kada su fita suna zaton sai wanda ya yi makarantar maza.

TsohonBarewa:
Akwai su Hajiya, sun ma fi mazan yawa, kuma zan faɗa. Jama'a na gode ƙwarai. Na shigo da niyyar in ba yara tarihin mutum, yanzu ina tunanin in raba ajin biyu in ba su lissafin 1979 a allo, jihohi 19, Kano kashi 19.94, in ce su yanke. Bayan sun gama faɗa da juna sai in gaya musu yadda aka yi da wanda ya zauna a wurin yana ɗan shekara 43. Sai dai har yanzu ban san yadda zan haɗa musu 2005 da 2008 ba. Na karanta na Lauya na gyaɗa kai, na karanta na Ɗan_Talakawa na sake gyaɗa kai. Minti arba'in kawai aka ba ni.

Ɗan_Talakawa:
Ka ba su duka biyun, su ma su kwana da shi kamar yadda muke kwana da shi. In kana son wanda zai zo ya ba su labarin rumfa, ina nan, kuɗin mota kawai.

NaMalumfashi:
Zango mai zuwa kuma a yi Galadima. Ina da hotunan hawan sallarsa, zan turo maka.

Lauyan_Sabon_Gari:
Malam, in za ka sa lissafin a allo, kada ka rubuta musu 12.67. Rubuta 12 da biyu bisa uku yadda Akinjide ya kawo shi, in ba haka ba wani mai wayo a bayan aji zai ce a cike ta zama 13, muhawarar ta mutu tun ba a fara ba.

Baushe:
Wannan yaron ai shi ne Eso na ajin. A bar shi ya yi magana.